A Raba Ƙwaƙwalwar da Injin

Ƙanena Uzairu,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna Tabawa? Ka ce mata lafiyata ƙalau a Jidda, 'yar ƙunar da na samu a gareji tana warkewa.

Na ji babbar motar marigayi Baba ta sake mutuwa a Lafiya har dankalin mutane ya ruɓe. Wai bakaniken naku na Tina Junction ya gwada ta, ya ce garau take, sammu ne. Sammun me? A sanyin Jos wace mota ce ba garau ba? Ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke raba wa injin gas, a jikinsa take ɗaure, da kun gangara ƙasar zafi sai ta dahu. Shi kuwa gwani, jiƙaƙƙen tsumma ya ce a ɗora mata kamar mai zazzaɓi!

Nemi mai wayarin ya kwance ta, ya ƙara waya, ya ɗaure ta gefen batir inda iska ke bugawa. Allah ya tsare hanya.

Daga nan Jidda, da hannun hagu kaɗai, na gano abin da ya gagari bakaniken naku da hannuwansa biyu. Ƙunar ta fi yadda na faɗa a sama, na dama ba ya moruwa. Zancen hannun kada Inna ta ji.

Yayanka,
Abdulfatah