Kun Yanke Waƙar Barmo Kafin Sunana

Zuwa ga mai girma Mushe Darakta, shugaban kamfanin da ke zuba waƙoƙi a salula.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ina aiki, ina iyali? Ni ne Arzika, manomi daga wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari. Da farko dai godiya, don kwana uku ke nan bakina ya ƙi rufuwa.

Na shiga Dogon Dutsi karɓar ɗinki, sai na ji gangar noma tana tashi a wayar tela. Muryar marigayi Barmo ce! Waƙar da ya yi mana a gayyar gonar maigari, tun ina da ƙugu. Kaset ɗina rana ta narkar da shi tuntuni. Wallahi rawa na taka a bakin shago, ni da furfurata, har hulata ta faɗa kwata. Tela ya ce ko a Makka aka latsa za a ji ta. Nan take na sayi forfe na intanet a wayata, abin da ban taɓa yi ba.

To ga kukana.

Na ɗaya. A wajenmu makaɗin gayya daga na baya yake fara kiran manoma, yana hawa, sai ya rufe da gwarzon da ya riga kowa kai ƙarshen kunyar noma. Ran nan ni ne na ƙarshe a bakin Barmo. Sau uku ya kira ni, har da sunan kakata.

Na biyu. Ma'aikatanku sun ji kiɗa ya lafa ana jera sunaye, suka ɗauka surutu ne, suka datse. Kuma ba su datse ko'ina ba sai bayan sunan Gado, wanda na bari a baya yana haki kamar jakin amalanke.

Na uku, wanda ya fi ciwo. A shagon tela ban saurara har ƙarshe ba, ɗoki ya hana ni. Na koma gida na tara 'ya'ya da jikoki da surukai kan tudun da rezon waya ke kamawa, na sa aka dama fura. Waƙa ta kai kan Gado, ta yi tsit. Na girgiza wayar, na ɗaga ta sama. Surukina ya sunkuyar da kai. Yanzu Gado, da ko akuya bai iya ɗaurewa, yana yawo kasuwar Tibiri ana ce masa sarkin noma, yana amsawa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku nemo wanda ya ba ku kaset ɗin, ku mayar da wutsiyar waƙar. Ba ta fi minti biyu ba. Ba na neman ko dala. Amma ku hanzarta, don cikin waɗanda suka ga noman nan da idonsu saura mu biyu a raye, kuma ɗayan Gado ne.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba kamfaninka rezo mai ƙarfi, ya sa kai ma a kira sunanka a inda ya dace.

Wassalam,
Arzika, na ƙarshe a bakin Barmo.