Gawon Dogon Kwari da Taswira Ta Sare

Zuwa ga:
Maigirma Perfe na Gundumar Keita,
Jihar Tawa.

Daga:
Abdoulkadir Mansur, tsohon magatakarda, mazaunin Garhanga,
a madadin Malam Isaka Ɗanmaraya, manomi a ƙauyen Dogon Kwari.

Ranar 14 ga Afrilu, 2025.

Game da: ƙudurin killace gonar Malam Isaka bisa hujjar taswirar itatuwa ta tauraron ɗan Adam.

Maigirma,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinku, mai wannan takarda, wanda ya shekara talatin da huɗu yana buga hatimi a biro, wato ofishin gwamnati, yana neman izinin gabatar da kuka a madadin dattijon da bai iya riƙe alƙalami ba, sai dai gatari, shi ma ya daɗe da rataye shi.

1. Tun bayan farin 1984 Malam Isaka ya daina ƙone kututture idan yana sassabe. Duk tohon gawon da ya fito sai ya rage masa rassa, ya bar biyu ko uku su miƙe. Maƙwabta sun yi masa dariya, suna cewa tsuntsaye yake gina wa masauki su cinye masa hatsi. Daga baya su ma suka bi sahu. Yau a gonarsa akwai gawo ɗari biyu da goma sha ɗaya. Gero yana yi a gindinsu fiye da ko'ina, matarsa Cima tana ciyar da awaki da ƴaƴan gawon, kuma da rani Hama makiyayi yana sauke shanunsa a inuwarsu, ya bar wa gonar taki.

2. Ranar 10 ga Fabrairu, 2025, wani shiri mai ƙididdigar dazuzzuka ya liƙa takarda a ƙofar mai gari. A cikinta an shafa wa gonar jan launi, wato itatuwanta sun ƙare. Saboda haka an sa ta cikin filayen da suka lalace, za a zagaye ta da waya daga 1 ga Yuni, a hana noma da kiwo shekara uku, a dasa itatuwa. Malam Isaka ba shi da wata gona, kuma bakuna goma sha ɗaya ke ci daga rumbunsa.

3. Ranar 6 ga Maris ma'aikacin shirin ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya gaida dattawa yadda ya kamata. Da yake rana ta take, ya ajiye motarsa ƙarƙashin gawon bakin hanya, aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin na biyu, ya sha fura, sannan ya buɗe na'urarsa ya nuna wa Malam Isaka cewa wurin babu itace. Da aka roƙe shi ya ɗaga kai, ya amsa cewa ya gani da idonsa, amma idonsa ba ya cikin hujjojin da shirin ya amince da su. Mai rubutu bai zarge shi ba. Shi ma a zamaninsa ya taɓa neman takardar shaidar rai daga wani tsoho da ke tsaye a gabansa yana tari.

4. An yi ta shelar cewa taswirar a buɗe take, kowa na iya dubawa kyauta a yanar gizo. Wannan gaskiya ne, kuma abin yabo. Sai dai a Dogon Kwari ana hawa tudu kafin waya ta yi magana. Don haka ranar 19 ga Maris mai rubutu ya shiga motar kasuwa zuwa Madawa, ya zauna gaban na'ura a wani shago, ya yi abu ɗaya tak da aiki ya koya masa: ya duba kwanan wata a kusurwar takarda. Hoton farko na Maris 2019 ne. Hoton da aka gwada shi da shi na Agusta 2024 ne.

5. Maigirma, ko akuyar ƙasarmu ta Adar ta san gawo ba ya bin sauran itatuwa. Da rani, sa'ad da kowane itace ya tuɓe, shi yake yin ganye. Da damina kuwa sai ya zubar, ya tsaya tsirara, rana ta sami gero a gindinsa. Dalilin da ya sa manoma ke barinsa ke nan. An ɗauki hotonsa cikin riga, an sake ɗauka ba riga, aka yanke hukuncin cewa ya mutu.

6. Shafin taswirar yana da gurbin aika gyara. Kwana huɗu mai rubutu da Malam Isaka suka yi suna bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya da wayar aro, kowanne da hotonsa da wurinsa. An aika ranar 27 ga Maris. Amsa ta dawo kafin mai rubutu ya ɗauke yatsa, saurin da bai taɓa gani a wani biro ba. Ta yi godiya matuƙa, ta ce za a duba a sabuntawa mai zuwa, cikin 2027.

7. Akwai abin da ba shi da gurbi a shafin. Tun da aka liƙa takardar nan, wasu a kasuwar Garhanga suna nuna Malam Isaka da baki, wai ashe da gawayi yake ci. Mako biyar ke nan bai je kasuwa ba. Da mai rubutu ya karanta masa wannan takarda, abu guda ya roƙa a ƙara, kuma ga shi yadda ya faɗa: “A ce musu ban sare ba. Ko da yunwa ta kashe mini ɗa, ban sare ba.” Yaron sunansa Nazir, ya rasu a 2005. Mai rubutu yana cikin waɗanda suka kai shi makwancinsa.

Bisa haka ake roƙon Maigirma:

a) ya ba da umarnin dakatar da killace gonar;
b) a turo wanda aka yarda da idonsa ya ƙirga itatuwan;
c) a gwada hoton rani da na rani, tunda duka suna nan a buɗe;
d) a liƙa takardar wanke Malam Isaka a ƙofar da aka liƙa ta farko, da irin girman harufanta.

Mai rubutu ya san yadda takarda ke kwana a tire, domin shi ma ya kwanar da na wasu, Allah ya yafe masa. Yana roƙon kada wannan ta kwana. Idan mai ƙirga ya iso kafin ƙarshen Mayu, zai tarar da tabarma da inuwa. Idan ya bari ruwa ya sauka, gawon zai zubar da ganye kamar yadda ya saba tun kafin a ƙera tauraro, kuma mai ƙirga zai tsaya cikin rana ya rubuta cewa taswira ta yi gaskiya.

Allah ya ƙara wa Maigirma lafiya da adalci. A karɓi gaisuwar girmamawa daga mai tawali'u,

Abdoulkadir Mansur
(sa hannu)

Malam Isaka Ɗanmaraya
(dangwalen babban yatsa)

An haɗa da: hotunan gawo 211, kwafin hotuna biyu na taswirar, an ja layi ƙarƙashin kwanan watansu.