Naman Layya a Firizar Ɗakin Gwaji

Zuwa ga Shugaban Cibiyarmu ta Binciken Halittu, Lafiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da barka da Sallah. Na rubuto a fili ne saboda takardu biyu da na bari a ofishinka ba su sami amsa ba.

Ranar da aka koma aiki, da ƙarfe takwas saura, na buɗe firizar ɗakin gwaji. Na tarar da ledoji goma sha ɗaya na naman layya, kowace da sunan mai ita. Cikin ƙananan kwalabena huɗu na bincike an fitar da uku, an jera su a bakin taga. Abin da ke ciki ya narke, ya yi wari.

Na farko, abin da aka rasa. Tsokar wani ɗan kifi ce mai kaurin leɓɓa, wanda abokan karatuna na ƙasar waje suka ciro daga zurfin teku, inda haske ba ya kaiwa sosai. Ba a taɓa ba shi suna ba. A ido ya yi kama da wani dangin kifayen zurfin teku, amma gwajin ƙwayoyin halitta da na yi ya nuna ya fi kusa da masu zama a ruwa marar zurfi. Masu tantance aikin sun nemi a maimaita gwajin kafin su yarda sabon jinsi ne. Kwalba ɗaya ta rage, kuma babu kogin da zan je in kamo wani.

Na biyu, ban zargi kowa da mugunta ba. Firizar ce kaɗai ke kan sola, an kuma saba ajiye nama cikinta duk Babbar Sallah, al'adar da ban taɓa amincewa da ita ba. Wanda ya fitar da kwalaben, ina jin, ya ɗauka tsofaffin kaya ne.

Yanzu sau biyu nake hawo babur daga Kwandere kowace Asabar da Lahadi don in duba kwalbar. Naman yana nan.

Ina roƙon a kwashe shi cikin makon nan, a sa kwaɗo, a ba ni takardar bayani da zan nuna wa abokan karatun da suka ba ni amana.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora.

Wassalam.

Ilyasu Sabo

Gyara: na rubuta cewa ban taɓa amincewa da al'adar ba. Bara ni ma na ajiye cinyar rago a ciki, kwana biyu.