Hannun Baba a Fim ɗin Lukumanu

Karaye, farkon Sha'aban

Zuwa ga ɗalibata Sadiƙa Zubair, Fulatan, ƙasar Rogo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da sauran mutanen gida. Na ba Jibo direba wannan takarda, don na san sabis ɗin waya a Fulatan sai an hau tudu.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi wajen kallon fim: suna ɗauka wanda ya fi zubar da hawaye shi ya fi iya wasa. Jiya a majalisar ƙofar makaranta na ji ana cewa yayanki Lukumanu bai taɓuka komai ba a sabon fim ɗinsa, wai an gaya masa matarsa ta rasu, ko ƙifta ido bai yi ba. Wani ya ce da shi ne darakta, da albasa zai murza masa. Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Kin tuna lokacin da nake koya muku wasan kwaikwayo, ina kunna muku tsofaffin kaset da janareta? 'Yan wasan wancan zamani daga dandali suka fito, inda dole na can baya ya ji ka. Shi ya sa suke ɗaga murya, su dafe kai, su zube ƙasa. Ina son su har gobe, don babu wanda ya kai su sanin inda za a ja magana da inda za a sake ta. Amma kyamarar yanzu dab da fuska take zuwa. Wanda ya yi mata ihu, kamar ya yi wa mutum ihu a cikin kunne ne.

To ki duba abin da Lukumanu ya yi. Yana zaune yana ɓarar gyaɗa aka shigo aka faɗa masa. Ya ce, "To." Ya ci gaba da ɓara. Sai dai daga nan ƙwayar yake jefarwa ƙasa, ɓawon yake zubawa a ƙwarya, kaji suna ta tsincewa bai sani ba. Sai da na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin ɗalibin da ya ƙago abu irin wannan ba. Ki nuna wa Baba, ya ga ɗansa bai tafi Kano a banza ba.

Ki gaida kowa. Malaminki,
Yusha'u Ɗanmaliki

*

Fulatan, tsakiyar Sha'aban

Allah gafarta Malam,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Takardarka ta zo, amma ta makara. Baba ya riga ya gani. Mu'az maƙwabcinmu ne ya kawo masa a waya, yana ta murna.

Malam, Yaya bai ƙago komai ba. Ranar da mahaifiyarmu Inna Hajo ta rasu a asibiti, Baba yana zaure yana ɓarar gyaɗar iri, Kawu Shitu ya shigo ya faɗa masa. Abin da ka gani shi ya faru, har "To" ɗin, har kajin. Ni da Yaya muna tsaye a bakin ƙofa. Ba mu taɓa tada maganar ba, ko a tsakaninmu.

Baba ya kalla har wurin, ya miƙa wa Mu'az wayarsa, ya shige ciki. Da na kai masa tuwo ya ce, "Sadiƙa, su wa da wa suka ga wannan?"

Na ce ana ta turawa a waya, babu mai iya sani.

Ya ce, "Abin da ya rage mini na uwarku ke nan, ya ɗauka ya kai kasuwa."

Na ce, "Baba, ai babu wanda ya san kai ne."

Ya ce, "Ni na sani."

Da na ambaci yabon da ka yi, cewa ya yi, "'Yan wasan da, waɗanda Malam ke kunna muku, ƙarya suke yi, mun san ƙarya ce, shi ya sa muke kallo hankali kwance."

Yanzu ya daina zama a zaure. Samarin garin nan sun mai da abin wasa, idan wani ya rikice sai su ce ya fara zuba ɓawo a ƙwarya, ba su san wanda suke taɓawa ba. Baba ya ce in gaya wa Yaya kada ya zo Sallah, kada kuma ya zo bayanta. Na kira shi don in faɗa, na ji yana tambayata kalar atamfar da nake so, sai na kashe na ce sabis ne. Malam, ni ba zan iya ba. Maganarka yake ji.

Allah ya ƙara girma. Ɗalibarka,
Sadiƙa

*

Karaye, ƙarshen Sha'aban

Ɗana Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Kano? Na haɗa maka da takardar ƙanwarka. Ka fara karanta ta, a zaune, inda babu kowa.

Ban janye yabona ba. Abin da ka yi a wurin nan wasa ne da zan nuna wa duk yaron da ya tambaye ni mene ne wasa. Amma abin da ɗan wasa ya ɗauko daga rayuwa yana da mai shi, kuma mai wannan yana raye, a gidanku yake kwana. Mu masu kallo mun ga mutumin da babu shi, muka tausaya masa, muka tashi muka ci abinci. Shi kuwa, kansa ya gani, a ranar da ba ya son kowa ya gan shi.

Ba faɗa zan yi maka ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ina son amsarta a rubuce, don in na je Fulatan in tafi da maganarka, ba tawa ba. Da niyya ka yi?

Allah ya yi maka albarka.
Malam Yusha'u

*

Kano, farkon azumi

Allah gafarta Malam,

Barka da shan ruwa. Na ga takardun biyu.

Wallahi ban shirya ba. A rubuce an ce in fashe da kuka. Muka yi ta maimaitawa, hawaye suka ƙi zuwa. Darakta ya ce, "Kai ɗan Rogo, ku ba a taɓa yi muku mutuwa ba ne?" Mai kwalliya ta kawo man zafi za ta shafa mini a ƙasan ido, na ƙi. Gyaɗar ma an ajiye mini ita ce kawai don hannuna ya sami abin yi. Da abokin wasana ya sake shigowa, sai ya sassauta murya, na ji kamar Kawu Shitu ne. Ban san abin da na yi ba sai da aka ce a tsaya, na duba na ga ƙwarya cike da ɓawo. Na zagaya bayan motar kaya, a can na yi kukan Inna, wanda ban yi ba tun ranar.

Amma tunda ka ce in faɗi gaskiya, ga sauranta. An nuna mini wurin kafin a saki fim ɗin. Da na roƙa, da an cire. Na kalla, ban ga kaina ba, Baba na gani, sai na kasa cewa a yanke shi. Na ɗauka idan ya gani zai san cewa ranar ba shi kaɗai ba ne.

Yanzu duk wanda ya kira ni aiki cewa yake, "Za ka yi mana irin na gyaɗar nan." Na ƙi, har an fara cewa kaina ya kumbura.

Ba zan taka umarnin Baba ba, a nan zan yi Sallah. Ga yadi na ba Jibo ya kai masa. Idan ya ƙi karɓa, kada a gaya mini.

Ɗalibinka,
Lukumanu

*

Fulatan, bayan Sallah

Yaya,

Barka da Sallah. Muna lafiya.

Malam ya zo da kansa cikin azumi, ya karanta wa Baba takardarka daga farko har ƙarshe. Baba ya saurara, ya raka shi har bakin hanya. Bai janye maganarsa ba. Ranar Idi na zuba abinci kwano uku kamar kowace Sallah, ya gani, ya kau da kai.

Shekaranjiya ya aika a kira Mu'az da wayarsa. Bai kalli wancan wurin ba. Cewa ya yi a tsayar masa a inda kake tafiya a hanyar gona ka ba da baya. Ya daɗe yana kallo, ya matso da wayar kusa da idonsa. Sannan ya juyo ya ce mini, "Ramar nan da ya yi, ta fim ce ko ta gaske?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ke ma ba ki sani ba."

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya ce ka zo ba, bai ce ba. Yana iya rufe ɗaki ya bar ka a tsaye. Amma ya yi tambaya, ni kuma ba ni da amsarta, Malam ma ba shi da ita. Jibo yana tasowa daga Kano ranar kasuwa. Ka zo ka gwada, ka tsaya a gabansa ya duba da idonsa.

Ƙanwarka,
Sadiƙa