Kaset Na Tara

Ga duk wanda ya buɗe wannan ambulan,

Assalamu alaikum. Ina gargaɗinka tun daga farko: in nishaɗi kake nema, mayar da takardun nan inda ka same su. In kuma ka karanta, ka riƙe abu ɗaya, kada ka ɗauka kayan iyaye sun zama naka don kawai an ba ka riƙo. Sunana Iyatu, ina zaune a Kurudu, a gidan da marigayi mijina ya gina da hannunsa, shi birkila ne. Wanda muke musayar wasiƙun nan ɗan farina ne. Ba na kiran sunansa, Yayan Hafsah nake ce masa. Na haɗa nawa da nasa wuri ɗaya saboda ƙannensa da 'ya'yansu.

*

Kurudu, 3 ga Mayu

Zuwa ga Yayan Hafsah,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafi? Na rubuto ne don a waya ba ka saurare, sai "to, Umma, to, Umma" har ka kashe. Takarda kuwa sai ka zauna.

Wata huɗu ke nan ka ɗauki kaset tara na mahaifinku, ka ce za ka zuba su cikin kwamfuta don kada su lalace. Ka san ko mene ne su. Lokacin da yake aikin gini a nan Abuja, ni ina Malumfashi, bai iya rubutu ba, sai ya yi magana a rikoda ya ba direba ya kawo. Ban ba ka don ka yi wasa ba.

Jiya Hafsah ta zo tana kame-kame. Da na matsa mata ta ce ta je wajen kiɗan da kuke yi a wani sito a Idu, ta ji muryar mahaifinku tana fitowa daga lasifika, wani yana buga ƙarafa a kai. Na yi ta salati. Na haƙura da ka bar aikin ma'aikata, na haƙura da ake tambayata sana'arka ina rasa amsa. Amma mamaci addu'a yake bukata, ba ganga ba. Ka ba Hafsah kaset ɗina duka tara ranar Laraba.

Allah ya shirye ka.
Mahaifiyarka

*

Lugbe, 6 ga Mayu

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙafar taki? Ga guda takwas nan a hannun Hafsah, duk na kwafe su, babu abin da ya same su.

Don Allah ki bari in yi bayani. Abin da muke yi ba irin na gidan biki ba ne, babu rawa, babu liƙi. Mu uku ne. Abraham yana buga ƙarafan da yake tsintowa a bayan masana'antu, Angelina tana kaɗa goge, ni kuma ina aiki da tsofaffin rikoda. Masu zuwa ba su wuce talatin ba, rabinsu ma makaɗa ne da ke jiran nasu layin. Shekara shida wuri biyar muka canza. Lambun farko an rushe shi, gida na biyu maƙwabta suka kai ƙara, na uku mai shi ya ce sai dai mu riƙa yin waƙoƙin da masu cin kifi suka sani. Sito ɗin Idu wani oga ne ya ara mana ranar Asabar daga la'asar zuwa magariba, mu kawo janareto, mu share, mu kwashe. Wallahi na gaji, Umma, amma nan kaɗai nake jin ina yin abin da na iya.

Maganar na tara. Da na sa shi zaren ya tsinke kusa da farko. Wajen gyara na ji Baba yana gwada rikoda, kalma huɗu kawai, kafin ya fara gaishe-gaishe. Sai na yanke wannan guntun da reza, bai kai kamu biyu ba, na haɗa bakinsa da bakinsa ya zama zobe, yana zagayawa yana maimaita kansa. Haka muke aiki. Duk saƙon yana nan, gwaji kawai na cire.

Ki yafe mini rashin tambaya.
Ɗanki, Manniru

*

Kurudu, 9 ga Mayu

Yayan Hafsah,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku, na ƙarshe da tabarau, ko idona ne ya yi mini ƙarya. Reza ka sa.

Ban yi niyyar gaya wa kowa wannan ba, amma tunda ilminka ya kai ka yanka bai kai ka tambaya ba, saurara. Kalmomin nan huɗu na san su: "Iyatu, kina ji na?" Ka taɓa jin mahaifinku ya kira sunana? Ka yi tunani da kyau. "Ke" yake cewa, ko "maman yara", in da baƙi kuma "mutanen gida". Haka aka tarbiyyantar da shi, ni ma ban taɓa kiran nasa ba. Shekara talatin da huɗu muna tare, sau ɗaya sunana ya fito daga bakinsa, shi ma don ya zaci rikodar ba ta fara ɗauka ba.

Kaset in ya iso ba a ɗakina ake kunnawa ba. A tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, kakarka a gaba, baffanninka da matansu a gefe, ni a can baya kana bayana a goye. Da muryar ta fito sai matan suka fashe da dariya, kakarka ta ce Abuja ta lalata mata ɗa. Na sunkuyar da kai ban ɗago ba har aka gama. Ban amsa ba, ba yadda za a yi in amsa. Da ya dawo gida bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Tun rasuwarsa sau biyu kacal na kunna wannan kaset, saboda na san zare yana cinyewa. Kai kuma ka ɗaura shi yana zagaye a gaban mutanen da ba su san ko waye shi ba. Wannan ba fasaha ba ce, rashin kunya ne da aka sa wa wutar lantarki. Ka gaya mini gaskiya, ka kwafi wannan guntun kafin ka yanka? Kuma sau nawa ka kunna shi?

Mahaifiyarka

*

Lugbe, 12 ga Mayu

Umma,

Ina gaisuwa. Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ban kwafa ba. Ƙa'idar wurinmu ce ba a ɗaukar komai, har wayoyi muke tarawa cikin kwando a bakin ƙofa, abin da kunne ya ji shi ke nan. Kuma da gangan na bar zoben ba kwafi, don yadda murya ke dusashewa a hankali shi ne abin da nake so a ji. Na yi ta alfahari da wannan dabara. Asabar huɗu na kunna, kowace kusan minti ashirin. Muryar ta yi siriri, farkon sunan ya soma shigewa cikin huci. Ranar Asabar, da takardarki ta iso, na kwafi abin da ya rage a can siton, amma ba kamar da ba ne.

Ni Baban da na sani mai tsawa ne, mai "tashi", "kawo", "wa ya taɓa mini awo". Ban taɓa jin ya yi magana da taushi haka ba. Shi ya sa na manne wa guntun. Ban san naki ba ne ke kaɗai.

Ga roƙona, in kin ƙi na haƙura. Oga ya ba da hayar siton ga masu tayil, Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe, kuma ba mu da wani wurin. Abraham ya ce zai koma Jos. Zoben yana can a kan rikodar, a kulle, sai ranar za a buɗe mana. Ki ba ni izini in kunna shi minti biyu kawai, in yi sallama da shi, sannan in kawo miki da kaina. In ban ji daga gare ki ba zan ɗauka kin yarda.

Ɗanki, Manniru

*

Kurudu, 18 ga Mayu

Yayan Hafsah,

Bayan gaisuwa. Da farko, shirun uwa ba izini ba ne. Ban amsa ba don na yanke shawarar in je in karɓi abina kafin ka taɓa shi.

Kai kana bayan tebur, ba ka ga yadda na iso ba. Mota uku muka hau ni da Hafsah, cunkoson Nyanya kaɗai ya ci mana awa guda, ƙafata ta kumbura. Daga titi muka taka tsakanin tireloli har siton. Shi ya sa na makara, na tarar kun fara. A ƙofa wani mai kitso a ka ya miƙo mini kwando, ya ce, "Mama, waya." Na ce ba na ba baƙo wayata. Ya ce, "Ko oga na wurin nan yana sakawa, Mama." Hausarsa duk a karkace, amma ya rusuna, sai na saka.

Zan faɗi abin da na gani don kada a ce na yi ƙari. Ban ga giya ba, ban ga rawa ba. Na ga mutane kamar ashirin zaune a kan buloli da katako, sun yi shiru kamar masu jiran likita. Zafi kamar gidan burodi, janareto yana ta tari a waje. Yarinyar nan mai goge ta ajiye gogenta ta ɗauko mini kujerar roba guda ɗaya da ke wurin, ta goge ta da gefen zanenta. Allah ya yi mata albarka. Kiɗan kuwa ban ji kiɗa ba. Na ji kamar ana sauke rodi daga mota, ana jan ƙofa mai tsatsa. Kuma dukkanku kun rame.

Ina shirin miƙewa in zo wurinka sai ƙarafan suka tsaya, ka danna abinka. Na ji huci, sannan na ji shi. Can nesa, kamar daga bayan katanga. Ya tambaya, ya sake tambaya, ya sake. Na ƙirga har bakwai. A Malumfashi sau ɗaya ya tambaya aka yi dariya aka wuce. A nan babu mai dariya, kuma ba ya dainawa, kuma kowane zagaye muryar tana ƙara nisa.

Ka san abin da ya faru, kowa ya ji. Na ce, "Ina ji, Malam." Da ƙarfi na faɗa, ban san zai fito haka ba. Ni da nake yi maka wa'azin kunya, ni ce na amsa wa mijina a gaban baƙi ashirin.

Sai suka tafa. Sun zaci shiri ne, wai ka ɗauko tsohuwa ka koya mata. Wannan tafin ya fi dariyar matan baffanninka ciwo. Abu ɗaya zan shaida maka, hannunka ya riga tafin, ka kashe rikodar kafin in rufe baki. Na ga ka cire zaren kana naɗewa a yatsa. Sai na karɓi wayata muka fito. Na bar shi a hannunka don kai ka yanka, kai za ka mayar.

Kada ka ɗauka na sauko. Abin da ka yi kuskure ne, kuma da ka tambaya da ba a kai nan ba. Na gaji, tun shekaranjiya a kwance nake.

Mahaifiyarka

*

Lugbe, 21 ga Mayu

Umma,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na mayar da guntun inda yake, na liƙa da kyau. Za a ji ɗan ƙara, ƙas, a wuri biyu inda aka haɗa, wannan ba zai gyaru ba. Ban kunna don gwadawa ba. Kwafin da na yi yana cikin kwamfuta, ki faɗi yadda za a yi da shi.

Mun kwashe kaya daga Idu ranar Lahadi. Abraham ya tafi. Na gaya wa waɗanda suka tambaya cewa ba shiri ba ne, ban ƙara musu komai ba. Rikodoji shida da lasifika biyu suna ɗakina, ko wurin shimfiɗa sallaya babu. Zan iya zuwa ranar Juma'a?

Ɗanki, Manniru

*

Kurudu, 22 ga Mayu

Yayan Hafsah,

Bayan gaisuwa. Ka zo bayan masallaci, za a yi tuwo. Ka kawo tarkacen naka ka zuba a ɗakin da mahaifinku yake ajiye kayan aiki, akwai wuri kusa da baro. Ajiya na ce, ban ce a buga ba. In kun sami wani siton ka zo ka ɗauka, ba zan hana ba, ba kuma zan sake zuwa ba. Kwafin nan ka goge shi a gabana.

Ga dokar gidan nan daga yau, ka karanta wa ƙannenka. Kaset takwas suna akwatina. Mai son jin mahaifinsa ya zo Juma'a bayan la'asar, ya ajiye wayarsa cikin kwando a bakin ƙofa, ya zauna a ɗakina ya ji sau ɗaya, ya yi masa addu'a. Ba a fita da ko ɗaya. Na tara kuwa ba mai kunna shi muddin ina raye, har ni. Ya yi tambaya, an ba shi amsa.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka