Maɓallin Shuɗiyar Riga

Zuwa ga Maigida,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da yaranmu, Yaya da Auta. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Ni ƙalau nake, sai kewa.

Na san na ce ƙarshen wata zan dawo. Ba zai yiwu ba, kuma gara ka ji dalili daga bakina. Ka san an turo ni asibitin nan ne in koyar da rigakafin gyambon kwanciya, wanda ke fito wa mara lafiya a baya da ƙugu idan ya daɗe a gefe guda. Maganinsa ba ya da wuya: a riƙa juya mutum, a duba fatarsa, a gyara shimfiɗa. Na koya wa nas-nas na ɗakin maza, kuma suna yi. Amma na gano takalmina suke yi wa aiki. Yana da ƙara, da sun ji shi a baranda sai kowa ta kama mara lafiya tana juyawa. Wani tsohon tela mai shanyewar ɓarin jiki, a gadon bakin taga, shi ya tona musu asiri. Ya ce in ba shi aron takalmin ya ajiye ƙarƙashin filo.

Ban ga laifinsu sosai ba. Su kaɗan ne, gadaje sun yi yawa. Sai dai Babbar Sista ta ce ba za ta sallame ni ba sai aikin ya tsaya ko ba na nan, kuma gaskiyarta ce.

Ranar da zan taho na bar shuɗiyar rigarka a kan kujera, maɓallin wuya ya cire, na ce zan ɗinka da safe, mota ta zo. Abin yana dawo mini, ban san dalili ba.

Ka shafa mini kan Auta.

Taka,
Maman Auta

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso, na karanta har takardar ta yi laushi.

Zazzaɓi ya kwantar da ni makon jiya, amma na warke, kada ka tada hankali. Da na koma ɗakin maza na ɗaga rigar Tela, sai na ga ja a ƙugunsa, faɗin tafin hannun Auta. Bai fashe ba, amma saura kaɗan. Shi ko a jikinsa, cewa ya yi ai ya gaya mini in bar masa takalmin. Ni ban iya dariya ba.

Ban yi faɗa ba. Na tara su na tambaye su ta yaya su za su gyara, tunda tawa dabarar ba ta kama ba. Wata nas da suke kira Doguwa ta kawo shawara: a daina miƙa aiki a teburi. Mai tashi da mai karɓa su tsaya a bakin kowane gado, su juya mara lafiya tare, su duba bayansa da idonsu. Ta ce ba wadda za ta yarda ta karɓi bayan da ba ta gani ba, don gobe ita za a tambaya. Da haka muka fara. Ni yanzu tsayawa nake daga nesa, da silifas.

Ka rubuta cewa in kwantar da hankalina, komai na tafiya daidai. Yaya ta iya yi wa Auta kitso, Auta ta daina zuwa gadonmu, kai kuma ka gane inda nake ajiye komai a kicin. Na san don ka faranta mini ka faɗa. Na gode. Amma da na gama karantawa na daɗe zaune, shayina ya huce.

Taka,
Maman Auta

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina gaida yara, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Ni da Babbar Sista mun yi gwaji. Na ɗauke ƙafa daga ɗakin maza mako guda ba tare da sanarwa ba, na zauna a masaukina ina kallon bango da hotonku. Jiya na koma. Na bi gado gado ina ɗaga riguna. Ko baya ɗaya ban samu da tabo ba. Jan da ke ƙugun Tela ya baje. Na iske Doguwa tana nuna wa wata sabuwar nas yadda ake sa filo tsakanin gwiwoyi, ta gaishe ni a tsaitsaye ta ci gaba da aikinta. Da na tambayi Tela ko ya yi kewata, sai ya ce au, ashe tafiya na yi?

Abin da na zo nema ke nan, kuma na samu. Na fita baranda na yi kuka kaɗan, rabi na murna. Sauran rabin naku ne. Wata da watanni ina koya wa mutane yadda za su yi ba ni, ashe ku ma a can kuna koyo, kuma kun riga su ƙwarewa.

An sallame ni. Zan shigo motar safe ranar Asabar. Ba sai ka zo tasha ba, saboda gwiwarka.

Roƙo ɗaya nake da shi. Ka gaya wa Yaya kitson Auta na wannan makon nawa ne, ko da kan ya yi buzu-buzu. Kada ku share gida don ni, kada ku gyara komai. Maɓallin shuɗiyar rigar nan kuma, ina fata yana nan yadda na bar shi. Idan ka riga ka kai an ɗinke, ka sa reza ka tsinke shi kafin in iso. Ba zan tambaya ba.

Taka har kullum,
Maman Auta