Garkuwar Rakiya

Litinin, 7 ga Yuli
An sake ɗauke wuta, janareto ya yi ta tari kafin ya tashi. Na kasa zama, sai zagaye firiza nake yi. Jinin matan kamfanin takalma na Sharada da na shekara ina tarawa duk yana ciki. Ni dai in gama binciken nan in tafi inda wuta ba ta ɗaukewa. Na gaji wallahi.

Laraba, 9 ga Yuli
Sakamakon Rakiya ya fito, matar nan ta Panshekara mai jera takalman roba a kwali. Lupus ne, kamar yadda na zata: ciwon gaɓoɓi, zubar gashi, tabo a kumatu. Irin jinin da nake nema tun bara. Allah Ya yafe mini, murna na fara ji kafin tausayi.

Sauri nake, don haka a ƙofar kamfani na gaya mata, lokacin tashi, mata suna ta wucewa. Na ce, "Matsalar garkuwar jiki ce." Ta kalle ni kawai. Na faɗa mata likitan da za ta gani, na hau adaidaita.

Asabar, 12 ga Yuli
Rakiya ba ta ɗaga waya.

Talata, 15 ga Yuli
Sista Hannatu, nas ɗin kamfanin, ta tare ni ko gaisuwar kirki babu. "Dakta, me kika gaya wa baiwar Allahn nan a gaban mutane? Ana ta cewa cuta mai karya garkuwar jiki gare ta."

Innalillahi. Ƙanjamau! Tun ina yarinya haka rediyo ke kiransa, amma ni sarkin ilimi na manta. Da Turanci nake tunanin aikina, sai in juye shi a Hausa in wuce.

Abokan aikinta sun ware mata kofi. Sun daina cin abinci da ita. Har an ce abin da ya kashe mijinta ke nan, mutumin da tirela ta buge a titin Zariya. Ba ta je wajen likitan ba, kuma ta ce ƙarshen wata za ta bar aiki. Ga marayu a gabanta.

Alhamis, 17 ga Yuli
Na ɓata gwaji biyu yau, hankalina ba ya wurin. Ina ta neman yadda zan faɗi abin. Garkuwarta ba ta karye ba, juyowa ta yi kan mai ita. Kamar maigadi ya ruɗe ya hau dukan 'yan gida. Me ya hana ni faɗar haka ran nan? Kuma ko ƙanjamau ɗin ne, wa ya ce a kofi ake ɗauka? Haushin kowa nake ji, nawa ya fi.

Lahadi, 20 ga Yuli
Na je Panshekara. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zuba ido ta ga ko zan sha. Na sha. Na yi mata bayanin maigadi, ta saurara har ƙarshe.

"Na ji, Dakta, na kuma yarda. Amma ai ba ni kaɗai kika gaya wa ba. Magana zarar bunu ce."

A hanya na tsaya a Na'ibawa na sayi lemo, ban ma san me zan yi da shi ba.

Laraba, 23 ga Yuli
Sista ta tara mini matan lokacin hutun rana. Na yi bayani har muryata ta dushe. Suka ce, "To, Dakta. Allah Ya sawwaƙe." Irin "to" ɗin nan da bai kai zuci ba. Suka watse, kowacce ta kama kwanonta.

Rakiya tana can gefen tankin ruwa ita kaɗai da garau-garau. Na je na zauna, na wanke hannu, na sa a kwanonta. Yaji ya yi yawa, hawaye har haɓa. Can sai Atika, ƙawarta da ta fi kowa gudunta, ta taso tana gunaguni: "Dakta, za ki cinye mata abinci ne? Matsa." Ta zauna ta sa hannu.

Rakiya ta tambayi ranar da likitan yake zama.

Kwalbar ɗibar jini tana jakata, ban fito da ita ba. Mantuwa ce. Gobe ma zan koma, abincin nasu ya fi na wajen aikinmu, shi ke nan.